Fasin da Ya Fito daga Bayan Saura-Ɗaya

A layin shagunan da ke kallon garejin makanikai akwai wani mai gyaran rediyo da kowa ke kira Saura-Ɗaya. Aikin hannunsa ne ya ja masa sunan. Duk abin da aka kai masa, rediyo ne ko fanka ko dutsen guga, in ya kwance ya mayar sai an ga noti ɗaya ya rage a kan tebur. Sai ya ɗaga shi sama ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci, ya jefa shi cikin gwangwani. Gwangwani ɗaya ya cika, na biyu ya kai rabi. Yana kuma da wani hali: in makunnin abu ya lalace ba ya sayen sabo. Cire shi yake yi, ya murɗe wayoyin biyu wuri ɗaya, ya naɗe da salatif, ya ce wa mai kaya makunni na ragwaye ne, wanda ke son kashewa ya tashi ya zare daga bango.

Shekararsa hamsin da uku, ga tumbi, ga ciwon baya da ya shekara huɗu yana zaune da shi. Likita ya ba shi wata takarda mai zanen mutum a kwance yana ɗaga ƙafa, ya ce ya riƙa yin haka safe da yamma. Saura-Ɗaya ya ninke takardar gida huɗu ya tokare ƙafar teburin shagonsa da ita. Tebur ya daina rawa. Baya bai daina ciwo ba.

Bakinsa dai lafiyarsa lau. Kullum la'asar ta yi sai ya dafa ƙugu ya taka zuwa shagon Mai aski, inda ake da talabijin da dogon benci da wata kujera mai katifa guda ɗaya tal, ya zauna ya fara yi wa 'yan wasan tsakiya na duniya shari'a. Wannan ba ya ba da ƙwallo sai baya, kamar mai mayar da tukunyar aro. Wancan kafin ya juya mota mai kaya ta juya ta sauke. Na yanzu duk gudu suka iya, kamar waɗanda kare ya biyo. Shi a wurinsa ɗan tsakiya na gaske ba ya gumi: yana tsaye, yana kallo, ƙwallo ce ke yi masa gudun. Ya ce da ƙuruciyarsa lamba takwas yake sawa, kuma sau ɗaya ake wanke rigarsa a shekara, don ba ta taɓa jiƙewa ba. Duk layin ba a samu wanda ya ga wannan rigar ba.

Mai aski kuwa mutumin ɗan tsakiya mai tarewa ne, wanda zai bi mutum ya ƙwace ƙwallo ya tashi da laka har kunne. Shekara goma suna wannan musu, Mai aski na aski yana haɗiye rabin maganarsa saboda yana riƙe da kan mutane.

Ana nan sai wani ya kawo wa Saura-Ɗaya ƙatuwar sifika gyara, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, da memori a jikinta. Da ya gama ya jona ta don gwaji, sai ta ɓarke da kiɗan nan da ake ce wa rok: jita na kuka kamar ana yanka ƙarfe da zarto, ganguna kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, wani mutum na ihu kamar ƙofar mota ta datse masa yatsa. Ya miƙa hannu zai kashe, ya tuna ya cire makunnin. Garin lanƙwasawa ya kai ga bango sai bayansa ya jingina da sifikar. Girgizar ta shiga ƙashin bayansa tun daga ƙugu har ƙeya. Ya tsaya haka, baki buɗe, ido a lumshe. Bai zare ba.

Kafin azahar ya gano abu biyu, ya kuma fito bakin shago ya sanar da su da ƙarfi, don ba a jin magana a hankali. Na farko, ya samo maganin ciwon baya da likitoci suka kasa. Na biyu, ya samo sirrin wasan tsakiya. Ya ce a saurari kiɗan nan da kyau: masu jita na tsalle, mai waƙa na birgima, amma mai ganga yana zaune wuri ɗaya, kuma kowa shi yake bi. To, mai gangan nan shi ne ɗan tsakiya.

Kwana uku layin bai huta ba. Tela, da shagonsa ke manne da na Saura-Ɗaya, ƙafarsa ta riƙa bin ganga a kan keken ɗinki ba da saninsa ba, har ya ɗinke bakin ƙafar wandon wani ruf. Mai sayar da kofuna ta kwashe kayanta daga kan tebur ta jera a ƙasa, don suna tafiya da kansu zuwa gefe. A rana ta uku ne abin ya kai maƙura. Mai aski yana gyara wa Hedimasta kai, wato tsohon shugaban makarantar da ya yi ritaya, mutumin da ko dariya sai ya duba agogo yake yi, sai ganga ta buga wani bugu da ya sa gilashin shagon ya amsa. Kilifa ta zame ta buɗe hanya tun daga goshin Hedimasta har tsakiyar kai.

Daidai nan Saura-Ɗaya ya shigo, yana tafiya a miƙe don a gani, ya dubi talabijin ya ce wancan mai lamba shidan da a ce rok yake ji da bai zubar da ƙwallon nan ba.

Mai aski ya ajiye kilifa a hankali. Ya tuna masa cewa ranar Asabar 'yan shaguna za su kara da makanikai, kamar yadda suke yi kowane ƙarshen wata a filin bayan gareji, kuma wata biyar ke nan ana lallasa su ba su jefa ko ɗaya ba.

"Ga tsakiya nan mun ba ka," ya ce. "In ka tsaya da ƙafarka daga usur na farko har hutun rabin lokaci, kujerar katifa taka ce, kai za ka riƙa zaɓen 'yan wasa. In ka faɗi kafin nan, ba ka ƙara cewa uffan a kan ƙwallo sai kakar wasa ta ƙare."

"Wata nawa ke nan?"

"Tara. Ba a shagon nan ba, ba a kan titi ba, ba a gida ba."

Saura-Ɗaya ya yi dariya ya ce rabin lokaci ai raini ne, amma ya karɓa don kada a ce ya tsawwala. Hedimasta, da hanyarsa a kai, ya sa aka juya kalanda ya rubuta sharaɗin a bayanta da kyakkyawan rubutu. Tela ya sa hannu. Ana cikin haka matar Saura-Ɗaya ta zo kawo masa abincin rana, ba ta same shi a shago ba ta biyo shi nan. Aka karanta mata. Ta sa a maimaita mata wurin "ba a gida ba", sannan ta karɓi biro ta sa hannu tun kafin a roƙe ta.

A gida ta tuna masa cewa shekaranjiya kiranta ya yi daga kicin ta ɗauko masa takalmi daga ƙasa. Ya ce takalmi daban, ƙwallo daban, kuma ai da kiɗansa zai shiga fili. Ta ce sifikar mutane da ta kai firiji girma, a kai zai ɗauke ta ko goya ta zai yi? Ya ce abin da ya raba injiniya da sauran mutane ke nan.

Ya kwana biyu yana haɗa abinsa. Ya samo ƙaramar sifika ta ƙofar mota, da batirin babur, da 'yar na'urar da ke karanta memori, ya ɗaure su a kan wani falle na katako da zai goya a baya, ya yanko robar cikin taya ya yi maɗauri biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a tumbi. Ya sa makunni, don matarsa na kallo. A gwaji na farko makunnin ya ƙone. Ya cire shi ya bar wayoyi biyu tsirara, ya ce ranar wasa a murɗe su kawai. Da ya tashi, noti ɗaya na kan tebur.

"Baban yara, wannan na ina ne?"

"Ƙari ne."

"In kuma kana son kashewa fa?"

"Wa ke kashe magani yana cikin aiki?"

Rigar wasa ta ƙi shiga a kan kayan. Tela ya tsaga bayanta ya ƙara ƙyallen ragowar labule mai furanni. Da Saura-Ɗaya ya sa ya tsaya gaban madubin Mai aski, sai ya zama kamar kunkurun da aka yi wa kwalliya. Shi ya ce ya yi kama da mutumin da ke ɗauke da ƙungiya a bayansa.

Ranar Asabar da yamma fili ya cika, har da matan da ba su taɓa leƙa ƙwallo ba, don labari ya zaga. Hedimasta ne alƙali, da hula a kai saboda hanyar. Minti talatin-talatin ake yi, don duk filin ba mai ƙasa da shekara arba'in. Saura-Ɗaya ya shiga da'irar tsakiya, ya kira Mahauci, ƙaton ɗan gabansu, shi kuma ya ɗage masa riga ya murɗe wayoyin ya naɗe da salatif har ninki biyar. Jita ta tsage iska. Karnukan gareji suka amsa gaba ɗaya. Makanikai suka yi ƙorafi, Hedimasta ya zaro ɗan littafin dokoki ya duba gaba da baya, ya ce bai ga inda aka hana ɗan wasa yin ƙara ba. Ya busa.

Saura-Ɗaya ya tsaya tsakiya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuni. Yana ta ba da umarni, bakinsa na motsi, ba wanda ke jin komai sai ganga. Shi ma ba ya jin kowa. Mai aski ya yi ta kiransa daga baya cewa ga mutum nan tafe, sai da mutumin ya ɗauke ƙwallo ya wuce sannan ya waiga. Ta biyu ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ya ɗaga babban yatsa, wai da gangan ya bar ta. Makanikai ba su sha wahalar neman inda yake ba, ko da ido a rufe sun san wurin da za su kauce wa, sai dai ba su ga dalilin kaucewa ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, makanikai mutane ne da suka wuni shekara da shekaru cikin bugun guduma da kukan inji. Kiɗan nan gida ya mayar da su. Suka kama bugun ganga suna gudu a kansa kamar sojoji. Minti goma suka jefa ɗaya. Minti sha biyar suka ƙara, don Tela ne a raga, kuma ƙafarsa ta dama tana can tana taka keken da babu.

Sai ga ƙwallo ta gangaro ta tsaya a gaban Saura-Ɗaya ita kaɗai. Ya taka ta. Ya duba, ba wanda ya nufo shi. Ya fara jan ta gaba a hankali, ya wuce makanike ɗaya, mutumin ko motsi bai yi ba. Ya wuce na biyu, wannan ma hannu ya naɗe a ƙirji. Ransa ya yi fari, ya ce a zuciyarsa kwarjini ke nan, abin da yake faɗa musu shekara goma ke nan. Bai san Hedimasta ya busa tun ɗazu ba, ƙwallon ta fita an dawo da ita ne don a yi jifa. Fili duk ya tsaya yana kallonsa. Ya isa gaban raga, mai tsaron gida na gefe yana shan ruwa. Ya daidaita, ya buga. Ta bi ta gefen turke ta shige ƙarƙashin wata matacciyar mota.

Hedimasta ya ɗaga masa katin gargaɗi. Saura-Ɗaya ya ɗan russuna wa 'yan kallo, don ya ga suna ta riƙe ciki.

Daga minti na ashirin batir ya ɗau zafi. Mutumin da ba ya gumi ya jiƙe sharkaf, furannin labule suka manne. Gumi ya sami salatif, wuta ta fara ɗan cizonsa a ƙugu, kowane cizo sai ya yi tsalle ya wulla ƙafa. Mata suka ce ashe har rawa ya koya. Notin nan da ya rage kuwa shi ne mai riƙe sifika a saman katako, sai ta riƙa zamewa tana sauka, har ta zauna daidai inda ciwon yake. Duk da haka yana tsaye. Mai aski ya fara duban agogon Hedimasta yana cizon leɓe, don minti ashirin da bakwai sun tafi.

Mai tsaron gidan makanikai ya ɗaga wata ƙwallo sama, ta nufo tsakiya. Saura-Ɗaya ya ga lokacin ya yi da zai nuna juyin da ya daɗe yana kwatantawa da kofin shayi a kan benci: a tare da ƙirji, a juya a kan ƙafa ɗaya, a raba. Ya buɗe ƙirji, ya murɗa ƙugu. Bayansa ya ce ƙas. Ya lanƙwashe gida biyu, hannuwa a gwiwa, kai a ƙasa, yana kallon duniya a kife ta tsakanin ƙafafunsa.

Ƙwallon ta sauko daidai kan sifika. Da robar taya, da katako, da bugun gangar da ya zo a daidai wannan lokacin, sai ta tashi ta yi baka, ta tsallake 'yan baya uku, ta sauka a gaban Mahauci kamar an ajiye da hannu. Mahauci bai yi komai ba illa ya rufe ido ya buga. Raga ta motsa. Ci na farko a wata biyar.

Fili ya rikice. Saura-Ɗaya bai ga komai ba sai ƙafafu a sama suna tsalle. Ya yi yunƙurin miƙewa, baya ya ce ba da shi ba. Mai aski ya zo ya sunkuya ya kai baki kunnensa ya ce ya haƙura a fitar da shi, rai ya fi kujera. Saura-Ɗaya ya girgiza kai, ya nuna ƙafafunsa da yatsa. Hedimasta ya duba, ya tabbatar: sharaɗi ya ce a kan ƙafarsa, bai ce a miƙe ba, kuma ga shi a kan ƙafarsa. Agogo na tafiya. Saura minti biyu, mutum ya kafe kamar teburin guga, jita na kuka a bayansa, jama'a sun fara ƙirga masa.

Da zai kai. Amma Mahauci, da ya gama zagaye fili da riga a hannu, ya tuna da wanda ya ba shi fasin. Mutum ne mai nauyin buhu biyu, mai kuma tsananin godiya. Ya taho a guje, hannuwa a buɗe, Mai aski na ɗaga masa hannu ya tsaya, ya ɗauka murna ce. Ya rungumi Saura-Ɗaya ta baya ya ɗaga shi sama, ƙafarsa ta zame a kan ciyawa, suka zube tare.

Da aka janye Mahauci, sai ga Saura-Ɗaya a rigingine kan katakonsa, hannuwa da ƙafafu a sama kamar ƙwaron da aka kifar, kiɗa na fita ta ƙarƙashinsa yana tayar da ƙasa. Hedimasta ya duba agogo ya ce saura minti ɗaya. Ba wanda ya yi mamaki.

Aka juya shi ana laluben inda za a kashe. Yana ihu a kashe, a kashe, wuta na cizonsa. Wani makanike ya tambaya ina makunnin yake. Mutum huɗu daga cikin 'yan kallo, duk masu rediyon da ya taɓa gyarawa, suka amsa masa baki ɗaya cewa makunni na ragwaye ne. Matarsa ce ta ratso taron da almakashin Tela, wanda ta aro tun da safe ta sa a jaka, ta ɗage labulen ta datse waya. Shirun da ya sauka har karnuka sai da suka dubi juna. Aka ɗora shi a baron gareji, a lanƙwashe yadda yake, aka tura shi gida ta gaban shagonsa. An tashi wasan biyar da ɗaya.

Sati biyu kafin ya iya takawa zuwa shagon Mai aski. Ya tarar ba a maganar komai sai fasin nan. Mai aski da kansa ya ce tun da yake kallon ƙwallo, a talabijin ko a fili, bai taɓa ganin irinsa ba. Musun da ake yi shi ne na wanda ya ba da shi. Tela ya ce robar taya ce. Mahauci ya ce gudun da ya yi ne ya jawo ƙwallon. Hedimasta ya ce a kimiyyance sifika ce, shi mai ɗauke da ita matsayinsa matsayin tebur. Kuma ga sifikar nan an ɗora ta a kan kujerar katifa, an sa mata hula.

Saura-Ɗaya na zaune a ƙarshen benci, wuyansa ya kumbura, jijiyar goshinsa ta tashi. Ya ja numfashi ya buɗe baki. Mai aski ya nuna masa kalanda da tsinin almakashi. Ya rufe. Da zai tafi, Mai aski ya raka shi bakin ƙofa cikin girmamawa, ya ce wasan ƙarshen wata ya matso, ko zai taimaka ya yi wa sifikar cajin batir, don ita za ta fara a tsakiya.

Washegari da safe teburin shagonsa ya koma rawa, don matarsa ta zare takardar likita ta goge ta da dutsen guga ta manna a bangon ɗaki. Yana kwance a kan tabarma yana ɗaga ƙafa, tana zaune a kujera tana tsince shinkafa tana ƙirga masa. A na goma sha biyu ya sauke ƙafar, ya dubi rufi, ya sassauta murya yadda ko bango ba zai ji ba.

"Maman yara, tsakanina da ke. Kin dai ga yadda na auna kafin in sunkuya..."

"Na sa hannu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗaga ta hagu. Saura takwas."